Barka da Sallah daga Kosta Rika, da maganar itatuwan gonarmu

Assalamu alaikum Baba. Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi muku barka da Babbar Sallah, ku da Inna da Yaya Hadiza da yaran gida. Allah Ya karɓi layya, Ya maimaita mana. A gaida mini maƙwabta na Marwa.

Kun tambayi abin da ake koya mana. A nan makarantar aikin gona ta CATIE da ke garin Turiyalba, wadda aka kafa a 1973, karatun shi ne yadda za a ci moriyar ƙasa ba tare da an kashe ta ba. Kosta Rika ta taɓa sare dajinta har ya rage kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar. A 1996 suka yi dokar biyan mai gona kuɗi don ya bar itatuwansa, daga harajin man fetur, yau daji ya haura rabin ƙasar. Masu noman kofi ma ƙarƙashin wani itace mai suna poro suke shuka, suna rage masa rassa sau biyu a shekara, ganyen ya ruɓe ya zama taki.

Ruwansu ya ninka namu fiye da sau uku, don haka poro ba namu ba ne. Namu gawo ne, kuma a wajena ya fi, tunda da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa dawa rana, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne.

Roƙona shi ne a bana kada Sani ya yi sassabe kakaf. Kututturen gawo, kalgo, sabara da magarya da ke toho kowace shekara saiwarsu na nan da rai, sun fi dashe saurin girma nesa ba kusa ba. A kowane kututture ya zaɓi toho uku zuwa biyar masu ƙarfi da miƙewa, ya cire sauran. Adda ta zama mai kaifi, ya sara daga ƙasa zuwa sama. In ya sara daga sama, ɓawon kan tsage, ciwo ya shiga. Rassan ƙasa kaɗai zai rage, kada ya wuce rabin tsayin tohon, in ba haka ba iska ta karya shi. Kamar kututture arba'in a hekta ɗaya sun isa.

Abu biyu ke lalata aikin: wutar ƙona shara da awaki bayan girbi. A tara shara nesa da su, a kewaye ƙananan da ƙaya, a ɗaura musu jan ƙyalle don masu neman itacen girki su san da mai su.

A Maradi haka manoma suka fara tun shekarun 1980, gonakinsu suka cika da itatuwa, ba tare da sayen dashe ba.

Sani ya turo mini hoton kowane kututture kafin ya taɓa shi. Inna ta ajiye mini kilishi.

Ɗanku,
Habibu