A auna Mujica da aikinsa na mulki

Ranka ya daɗe Edita,

Tun rasuwar José Mujica a watan Mayun 2025, maganar da ake ta yi ita ce tsohuwar motarsa ƙirar Volkswagen da gonarsa a bayan Montebidiyo, babban birnin ƙasar Uruguwai, da kusan kashi 90 cikin ɗari na albashinsa da yake sadaukarwa. Duk gaskiya ne. Amma mutumin ya shugabanci Uruguwai daga 2010 zuwa 2015, kuma aikin nan ya cancanci a duba shi da idon basira.

Babban abin da ya yi nasara a kai shi ne wutar lantarki. A 2010 manyan jam'iyyun ƙasar suka amince da manufa ɗaya ta makamashi, don kada sauyin gwamnati ya rushe ta. Kamfanin lantarki na gwamnati, UTE, ya riƙa ƙulla yarjejeniyar shekara 20 da 'yan kasuwa: su kafa injinan samar da wuta daga iska da kuɗinsu, shi kuma ya sayi wutar a farashin da aka tsayar. Wannan tabbacin ne ya jawo jari, ya rage sayen mai a shekarun fari, lokacin da madatsun ruwa masu samar da wuta ke ja baya.

Inda ya gaza ma a bayyane yake. Kamfanin jiragen sama na Pluna ya durƙushe a 2012, rikicin gwanjon jiragensa ya kai ministan tattalin arziki Fernando Lorenzo ga murabus a 2013. Gyaran ilimin sakandare da ya yi alkawari kuwa ya cije, saboda ƙungiyoyin malamai da hukumar ilimi mai cin gashin kanta ba su ba shi hanya ba.

Naka,
Mai karanta jaridarku