Kafin a ce ikilisiya ta ƙaru, a tambaya daga ina mutanen suka fito

Ranka ya daɗe Edita,

Ina gaisuwa. Ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan labarin da ake yawan bugawa duk ƙarshen shekara, cewa majami'a kaza ta bunƙasa, masu zuwa sujada sun ninka. Na riƙe littafin sakatare a majami'armu shekaru da dama, don haka na san yadda ake samo waɗannan lambobi.

Ana tsakiyar wa'azi masu tsaron ƙofa za su bi layi-layi suna ƙirga kawuna: maza, mata, yara. A rubuta a 'yar takarda a miƙo mini, in karanta a lokacin sanarwa tare da kuɗin baiko. Wanda ya zo sujadar Turanci da safe ya kuma tsaya ta Hausa, sau biyu ya shiga lissafi. Yaran makarantar Lahadi wani mako a haɗa da su, wani mako a manta. In kuma rahoton shekara ya tashi, sai ka ji wani dattijo ya ce a sa adadin ranar bikin godiya ko na Kirsimeti, ranar da har maƙwabta da surukai suke cika benci. Ba ƙarya aka yi ba, amma ba gaskiyar Lahadin damina ba ce, lokacin da rabin jama'a suna gona.

Wannan duk ƙarami ne. Abin da ya fi damuna shi ne na 2014. A watan Agusta na shekarar Boko Haram ta kama Gwoza, a ƙarshen Oktoba ta shiga Mubi, har hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) da ke Kwarhi ta faɗa hannunsu, shugabannin ikilisiyar suka koma Jos na ɗan lokaci. Jama'a suka watse zuwa Yola, Jos, Abuja, wasu suka ƙetara sansanin Minawao a Kamaru. A watannin nan majami'armu ta cika har muka kafa rumfa a waje. Da hannuna na rubuta adadin, aka karanta a taron gunduma, aka tafa mana. Na zauna ina jin kunya, domin na san kowane sabon benci da muka saya, akwai wata majami'a a gindin dutse da aka ƙone ko aka rufe. Ruwa ne aka juye daga wannan tulu zuwa wancan, har wani ya zube a hanya, mu kuma muna murna tulunmu ya cika.

Haka yake, ko da ba da zafi irin wannan ba, in matasa suka bar ƙauye suka zo birni neman aiki, ko suka bar ikilisiyar iyayensu suka koma inda ake kiɗa da jita.

Ba cewa nake a daina ƙirga ba. Makiyayin da bai san yawan tumakinsa ba, yaya zai gane ɗaya ta ɓata? Ga shi kuma ba mu da inda za mu duba: ƙidayar ƙasa ta 1991 da ta 2006 ba su tambayi addini ba, sai kowa ya faɗi adadin da ya yi masa daɗi. Roƙona ga fastoci da dattawa shi ne a raba lissafin. A rubuta daban waɗanda aka yi wa baftisma a shekarar, daban waɗanda suka zo da takardar shaida daga wata majami'a, daban kuma baƙin da rikici ya koro. A ɗauki matsakaicin Lahadi 52, ba ranar da aka dafa shinkafa ba. A kuma buɗe shafi na waɗanda suka daina zuwa. A littafin da na gada babu wannan shafi sam, kuma ni ma sai da na kusa sauka na ƙara shi.

Ku kuma 'yan jarida, in wani shugaba ya ce muku membobinsa sun ninka, wakilinku ya tambaye shi wace Lahadi aka ƙirga, kuma ina mutanen suke sujada bara.

Na gode.

Tsohon sakataren majami'a,
Jos, Jihar Filato