Maganar birnin Washington, akwai saura

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka. Na saurari shirinku na tarihi kan yadda Amurka ta zaɓi babban birninta, baƙonku ya yi ta nanata wai don gidan George Washington na Mount Vernon yana bakin kogin Potomac ne aka kai birnin can. To akwai ƙamshin gaskiya, amma fa ya tsallake babban dalili, wato nisa.

A 1790 ƙasar jihohi 13 ce a jere a gaɓar teku tun daga New Hampshire har Jojiya, ba jirgin ƙasa ba waya, sai doki da keken doki da jirgin ruwa, in ruwa ya sauka hanya ta caɓe wasiƙa ma sai ta yi makonni ba ta isa ba. Ku duba majalisarsu ta farko, an sa 4 ga Maris 1789 za a zauna a New York amma 'yan majalisa ba su cika ba sai da Afrilu ya kama, shi kansa Washington mako guda ya yi a hanya kafin ya iso a rantsar da shi. To ina ga wanda zai taso daga Jojiya? Shi ya sa 'yan kudu suka kafe lallai sai an matso da birnin tsakiya, ga shi kuma ana sa ran Potomac ɗin zai zama hanyar kai kaya yamma wajen kogin Ohio.

Siyasa kam ta shiga, Hamilton, ministan kuɗi na lokacin, ya samu gwamnatin tarayya ta ɗauki bashin yaƙin neman 'yanci na jihohi, su Jefferson da Madison, manyan 'yan siyasar kudu, suka samu birnin, ba ni gishiri in ba ka manda kenan. Gwamnati ta zauna birnin Philadelphia shekara 10 sai 1800 aka tare a Washington. Filin kuwa jihohin Maryland da Virginia ne suka bayar don kar birnin ya zama a hannun wata jiha, tunda a 1783 sojojin da ba a biya haƙƙinsu ba sun yi wa majalisa ƙawanya a Philadelphia, hukumar jihar Pennsylvania da garin yake ciki ta ƙi kare ta, dole 'yan majalisa suka tattara sai garin Princeton. Wayar tangaraho ba ta zo ba sai 1844, lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Don Allah in za ku sake shirin ku haɗa da namu na gida, yadda Turawa suka baro Zungeru suka koma Kaduna, da dalilin da ya sa gwamnatin Murtala ta zaɓi Abuja a 1976 alhali lokacin ga jirgin sama ga rediyo.

Naku mai sauraro,
daga Gusau