Ka ajiye makullin Charger ɗin nan tukuna

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Ya zafin Tekzas? Mu nan Zariya sai godiya, damina ta kankama.

Saƙonka ya iso tare da hotunan. Kai mutumina, ashe da gaske kake! Dodge Charger R/T ta 1969 da injinta 440, ga fenti sai sheƙi yake. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. To amma kafin komai, ka rataye makullinta. Kada ka sake hawa titi da ita sai ka duba abin da zan faɗa maka.

Ka ce tun da aka cire kafiretarta ta asali aka ɗora sabuwa a kan manifol mai tudu, wato mazaunin kafireta da ke raba wa silindoji iska da fetur, motar ta canza hali. Kafin ka kai gudun mil 20 a awa ta riga ta shige giya ta uku, canjin kuma babu kuzari, in ka take totur har ƙasa don ka wuce wata mota sai ta yi ta gurnani a ta uku, ta ƙi saukowa ta biyu. Duk ciwo ɗaya ne. Shi kuma maƙwabcin naka da ya ce ka canza modileta, motocin General Motors ne a ransa. Giyabos ɗinsu Turbo 350 da Turbo 400 su ne ke da modileta mai aiki da zuƙar iskar inji, 400 ɗin ma da maɓallin lantarki yake sauko da giya. Naka giyabos TorqueFlite 727 ne na Chrysler, ba shi da ko ɗaya daga ciki. Hanya ɗaya tak yake sanin abin da ƙafarka ke yi, wato sandunan ƙarfen nan da suka taso daga gefen kafireta, suka gangara bayan inji, suka kama wani ɗan hannu a jikin giyabos ta ɓangaren direba.

A garejin da na yi aiki a Ditroyit, yara kan ɗauka aikin sandar nan sauko da giya ne kawai, in ta dame su wajen ɗora kafireta sai su cire ta su jefa a but. Alhali ita ke ƙara wa man giya ƙarfin matsi gwargwadon yadda ka taka totur. In ba ta tura hannun nan baya, giyabos zai zaci silo kake yi, sai ya riƙe farantan kuloci sakwa-sakwa, ga inji mai ƙarfin doki 375 yana murɗa su. Kamar ka ba yaro igiyar bijimi ne. A haka suke zamewa su ƙone, ba tare da wata ƙara da za ta ankarar da kai ba.

Fara da mai. Ka bar inji ya yi zafi, ka taka birkin fakin sosai, ka zagaya da giya ko'ina sannan ka tsayar da ita a N, a nan ake auna man 727, ba a P ba, don a P awon yakan nuna ya fi abin da ke ciki. Ka goga sandar awon a farar takarda ka shinshina. Ja mai haske, alhamdu lillahi. In ya koma ruwan ƙasa yana ƙauri, to an riga an fara ɓarna.

Daga nan ka kashe inji, ka cire murfin filtar iska, ka sa babban yaronka ya take totur har ƙasa kai kuma kana leƙen kafireta. Ta buɗe gaba ɗaya? Kada ka yi dariya, a hoton na ga ka shimfiɗa sabon kafet mai kauri, kuma na sha ganin kafet ya tokare feda ya hana ta kaiwa ƙasa. In ta buɗe, yaron ya ci gaba da riƙewa, ka leƙa ƙasa ka tura hannun giyabos ɗin baya da yatsa. Ya kamata ka tarar ya kai ƙarshe ko saura ƙiris. In ya ƙara tafiya da yawa, ga ɓarawonka nan. In yaron ya saki kuma, sifirin ya dawo da shi gaba sarai ba tare da ya maƙale ba. Manifol mai tudu yana ɗaga kafireta sama, sandar asali sai ta gaza, kuma yawancin kafiretocin kasuwa sai an ƙara musu wani ɗan ƙarfe na musamman kafin hannunsu ya dace da na Chrysler. Akwai zare irin na noti a jikin sandar, da shi ake ƙara mata tsawo. In bai isa ba, ana sayar da kebul da ke maye gurbinta, irin na Lokar. Ni dai na fi son ƙarfen asali in zai yiwu, amma kebul da aka saita daidai ya fi sandar da aka lanƙwasa da guduma. Ka dai kula kada ka ƙara tsawon har sandar ta hana kafireta buɗewa duka.

Sai an gama wannan za ka fita gwaji, a hanyar da babu jama'a. Kana gudun mil 40 a awa a ta uku ka take har ƙasa, ya kamata ta faɗo ta biyu nan take. Kada ka jira ta sauko da rabin totur kamar motocin yanzu, sai a farkon shekarun 1970 aka ƙara wa masu silinda takwas wannan dabarar. In ta sauko amma inji ya yi ihu kafin giyar ta kama, ka rage gudu ka ja ta zuwa 2 da hannunka ka ji. In nan ma tana zamewa, ɗamarar gaba ce ta saki, wato bel ɗin cikin giyabos da ke kama giya ta biyu. Notin saita ta yana waje, kusa da hannun nan. Ana ɗaure shi zuwa 72 a ma'aunin ƙarfin ɗauri na inci-fam, ka lura, ba ƙafa-fam ba, sannan a warware shi kamar zagaye biyu. Ka duba littafin masana'anta na shekarar motarka ka tabbatar da adadin.

Batun da ka ce wani lokaci in ka tsaya a danja takan tashi da nauyi kamar daga ta biyu, wannan ya fi kama da gwamna, ɗan bawul ɗin da ke can wutsiyar giyabos yana auna gudu. Datti ke maƙale shi, dattin kuwa sau da yawa garin kuloci ne. Don haka ko man ya yi kyau ka sauke kwanon ƙasa. Ba shi da notin tsiyaya, ka tanadi babban baho da tsohuwar riga, ka sassauta ta gefe ɗaya a hankali. Ɗan toka-toka mai laushi a gindin kwano ba komai ba ne. Baƙin ɓarɓashi ko ƙyallin ƙarfe kuwa, sai an sauke giyabos. Ka sa sabuwar filta da gasket, ka zuba man giya na Dexron.

Ka ɗauko mini hoton cikin kwanon kafin ka wanke shi, da na gefen kafireta ana take da totur, ka turo ta WhatsApp. Kada ka biya kowa kuɗin sabunta giyabos sai na gani.

Mutanen gida duk suna gaishe ka. Inna tana tambaya ko da babbar salla za mu gan ku. Ka gaida Hajiya, ka shafa mini kan yara.

Wassalam,
Naka, amininka.