'Yar maƙwabciyata ta zo sayen ƙwayar hana ɗaukar ciki a hannuna

Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ina bin shirinki kowane mako, shi ya sa na kawo miki abin da ya tsaya min a rai.

Ina aiki a wani kemis a Kurna. Kusan kullum sai an samu yarinya, wata ma da kayan makaranta a ƙarƙashin hijabi, ta zo neman Postinor-2, ƙwayar hana ɗaukar ciki da ake sha bayan saduwa. Ba sa iya faɗin sunan da baki. Wata ta miƙo 'yar takarda, wata ta nuna hoton kwalin a waya, wata ta ce yayarta ce ta aiko ta.

In babu mutane nakan ja su da hira, kuma abin da nake ji ya fi sayen maganin tayar min da hankali. Akwai wadda ta rantse min ba a ɗaukar ciki a karon farko. Akwai mai shan ruwan kanwa da lemon tsami bayan an gama, wai yana wanke mahaifa. Ita kuwa ƙwayar nan ta gaggawa ce, cikin awa 72 ake shan ta, amma sun mayar da ita ta kowane mako. Tana rikita musu al'ada, sannan ba ta tare ƙanjamau ko ciwon hanta ko ciwon sanyi. Na taɓa yi wa wata maganar kwaroron roba, ta ce ai wannan na 'yan bariki ne, kuma saurayinta zai ce ba ta yarda da shi ba. Ciki kawai suke tsoro, don shi ne ke fitowa fili. Ga shi tun 2024 doka ta wajabta gwajin jini kafin aure a Kano, ranar da ake shirin biki abin da aka ɓoye zai bayyana.

Makon jiya bayan magariba wata ta shigo da niƙabi. Tana buɗe baki na gane muryar, na kuma gane zoben azurfar da ke yatsanta: 'yar maƙwabciyata ce, shekararta 16, ni na goya ta ranar sunanta. Da ta ga na gane ta sai jikinta ya hau rawa, ta riƙe min hannu tana cewa, "Anti, don girman Allah ki rufa min asiri." Na ba ta maganin. Na taɓa ganin yarinyar da ta sha ƙwayar zubar da ciki a ɓoye aka kwashe ta asibiti jini ya ƙi tsayawa, ba zan iya tura wannan ga hanyar ba.

Washegari ta shigo gidana muka zauna. Mutumin ba sa'anta ba ne, magidanci ne mai shago a kasuwa, shi ya saya mata waya, shi yake sa mata data. Ta ce ya yi mata alkawarin aure. Abin da mahaifiyarta ta taɓa faɗa mata a kan wannan harka bai wuce "kar ki bari namiji ya taɓa ki" ba, ranar da ta fara al'ada.

Hajiya, in na gaya wa uwar, na san uban zai ji, kuma mutum ne mai zafin hannu; zai iya cire ta daga makaranta alhali saura mata shekara ɗaya ta gama sakandare. In na yi shiru, mutumin nan zai ci gaba, yarinyar kuma ta koma wani kemis ɗin da ba a san ta ba. Mijina ya ce a kai ƙarar mutumin Hisbah, amma ta yaya za a yi hakan sunanta bai zaga unguwa ba? Sannan ki tambayar min malaman da kike gayyata: maganin da na miƙa mata, ina da zunubi a kansa?

Ina jiran amsarki kafin in tunkari uwar.

Taku mai saurare,
daga Kurna, Kano