Wasiƙa zuwa ga ɗana kan tafiyar Ekom-Nkam

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan karatu yana tafiya daidai. Ƙanwarka ce ta faɗa wa Innarku cewa kai da abokanka za ku tashi daga Duwala ku je kallon ruwan Ekom-Nkam, ruwan nan mai zubowa daga kan dutse a Kamaru, a watan Agusta. Ba daga bakinka na ji ba, kuma ka san dalilin da ya sa hakan ya ɓata mini rai.

Ba zan hana ka ganin ikon Allah ba. Kogin Nkam yana zubowa daga tsayin kusan mita 80 a tsakiyar kurmi, a yankin dutsen Manenguba da ya taɓa aman wuta. Amma Agusta tsakiyar damina ce. Hanyar da ake ratsewa daga kwalta kusa da Melong ta ƙasa ce, jan taɓo ne, ƙaramar mota takan maƙale. Ku ɗaga zuwa Disamba ko Janairu. In kun ƙi ji, ku kwana a Nkongsamba ku fita da sassafe, ku ɗauki ɗan jagora daga ƙauyen, ku riƙe katin shaida saboda jandarmomin hanya. Ka sa kambas mai gurzajjen ƙasa, ban da silifas, waya kuma a ƙulle cikin leda, don feshin ruwan yana jiƙa mutum sharkaf tun daga nesa.

Abin da ke hana ni barci shi ne bakin dutsen. Baƙin dutsen nan kullum a jiƙe yake, gansakuka ta lulluɓe shi, santsinsa kamar an zuba miyar kuɓewa. Ido ba ya ganewa sai ƙafa ta tafi. Ƙarar ruwan kuma tana toshe kunne, ko abokinka ya ƙwala maka kira ba za ka ji ba. Kuma ruwa yana iya ƙaruwa alhali rana na haskawa a kanku, saboda an yi shi can tudu. Da ka ga ya koma ja yana ɗauko ganye da rassa, ku hau sama nan take.

Na san halinka da hoto! Kai ne mai juya baya kana ja da baya don ruwan ya fito duka. Kul! Kada ka wuce wurin da aka tanada don kallo ko taku ɗaya. A matakalar sauka ka sa wayar a aljihu, hannuwanka biyu su zama ba komai. Wanda ya ce kai matsoraci ne, ba shi zai zo ya tsaya gaban Innarku ba. Gidan nan bai gama warkewa daga abin da ya sami Kawu Sule ba, ka fi kowa sani.

Za ka ce na cika takurawa. To, ka ce. Kai ne babba, ƙannenka kai suke kallo. Na tura maka kuɗin takalmin ta hannun Baffanka. Ka kira ni da zarar kun dawo kan kwalta, kafin magariba.

Allah ya tsare, Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.