Sanarwa Kan Rage Kuɗin Wutar Lantarki a Gidajenmu

Assalamu alaikum, ƴan uwa. Tun da hukumar kula da harkar wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar masu layin Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta a rana, zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, da yawa daga cikinmu suna kukan yadda katin mita ke ƙarewa tun wata bai raba ba. Kayan da ke samar da zafi, musamman hitar ruwa da dutsen guga, suna cikin waɗanda suka fi cin wuta, saboda haka a daure a riƙa tara guga a yi ta a zama ɗaya. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60. A kuma duba robar ƙofar firij, domin idan ta saki, injin ba ya hutawa.